Ranar da Na Goge Tsagar Baba Tela

Ko zan manta da komai na zamana a Jidda, ban ga ranar da zan manta da aika-aikar da na yi wa wani dattijo da ɗan yatsana ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai dariya da kunya su taso mini tare.

Lokacin ina aikin lantarki a yankin masana'antu na Jidda, ina zaune a unguwar Sharafiyya. Wani abokin aiki ne ya sa mini manhajar gyaran hoto a waya, ya koya mini ƙara haske, yanke gefe da goge tabo. Shi ke nan fa, sai rawar kai. Duk hoton da ya shigo wayata sai na taɓa shi, har magen layinmu ba ta tsira ba.

A ƙasan benenmu akwai wani tsohon tela Bagobiri, kowa Baba yake ce masa. Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka zo da shi aikin Hajji, suka bar yayarsa wajen kaka da niyyar komawa, Allah bai nufa ba. A nan suka rasu, zumunci ya yanke. Kwatsam wata rana wani mai Umara ya kawo jallabiya a rage masa, ya ƙura wa Baba ido, ya ce tsagar fuskarsa sak ta wata tsohuwa a garinsu, wadda kullum take zancen ƙanenta da aka tafi da shi Makka. Wayar mutumin ba ta ɗaukar hoto, sai ya bar lambarsa da ta ɗan tsohuwar, ya ce a tura hoto ta gani.

Ni duk ban san wannan labari ba. Abin da Baba ya ce mini kawai shi ne, "Ya waladi, an ce kai ne gwanin sura. Yalla, ɗauke ni hoto, ka tura wa wannan lamba a Najeriya." Ya sa farar riga, har da fesa turare, kamar hoto yana ɗaukar ƙamshi. Na ɗauke shi a bakin shago bayan La'asar, ban tambayi ko na mene ne ba.

Da na hau sama na buɗe hoton, sai na ce ai bai kamata dangi su ga mutumin Saudiyya haka a yamutse ba. Na ƙara haske, na ƙara, har Baba ya koma kamar Balarabe. Na ja wani ɗan layi mai gyara fata, tamoji suka ɓace, suka tafi da rabin tsagarsa. Maimakon in koma baya, sai na ga ai rabin da ya rage ya yi muni, na bi shi ɗaya bayan ɗaya na share. Na hango wani baƙi-baƙi a goshi, shi ma na dangwala masa yatsa. Sannan na adana a kan na asalin, na tura ba tare da ya gani ba. Wallahi har yaba kaina na yi.

Washegari da hantsi saƙon murya ya shigo daga ɗan tsohuwar. "Malam, ka ji tsoron Allah! Inna ta ce wanga ba ɗan gidanmu ba na. Tun jiya take kuka. In damfara kuka yi, ku nemi wasu." Kafin in ba da amsa ya toshe lambata.

Jiki a sanyaye na sauka na kunna wa Baba. A nan ne ya ba ni labarin yayarsa, sannan ya ce in nuna masa abin da na tura. Ya ɗora tabarau, ya kawo wayar kusa, ya kai ta nesa.

"Wane ne wannan?"

"Kai ne, Baba."

"Ni? La hawla! Ina tsagata?" Ya shafa kumatu kamar mai tsoron a can ma na goge. Sai idonsa ya kai kan goshi. "Har tabon sallah? Shekara sittin ina kai goshin nan ƙasa, ka share shi da yatsa ɗaya? Halas, dawo mini da fuskata."

Da na ce babu hoton asalin, kallon da ya yi mini ya fi mari zafi. Garin neman gira na rasa ido. Ban taɓa jin na tsani wayata irin ranar ba.

Kwana huɗu ina buga lambar mai Umarar nan kafin na same shi, ya riga ya koma gida. Da na yi masa bayani, dariya ya yi har da tari. "Na ce musu tsoho mai tsaga, kai kuma ka aiko musu da ango!" Shi ya taka har gidan ya lallashe su, da ƙyar ɗan ya yarda a yi kiran bidiyo sau ɗaya.

Ranar ni na riƙe wayar. Tsohuwa ta kawo fuskarta dab da gilashi, hancinta kaɗai muke gani. "Juya kumcin dama," in ji ta. Baba ya juya. Ta ƙirga tsagar da ƙarfi, ta ce a juya na hagu, ta sake ƙirgawa. Sannan ta ce, "Ɗaga hulla." Ya ɗaga hula, sai ga wani tsohon tabo a saman kunnensa.

"Shi na!" ta ƙwala ihu. "Ni na kwaɗa mai muciya nan, da ya shanye mini hura!"

Baba ya fashe da kuka yana dariya, yana ta faɗin "Yaya, Yaya," Hausarsa da Larabcinsa suka cakuɗe. Ni ma hawaye ya hana ni riƙe wayar daidai, har tsohuwa ta ce wa mai riƙon ya daina girgiza mata ƙane.

Ranar na yarda ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Har yanzu ina gyaran hoto, amma ba na taɓa na asali, kuma ba na goge komai a fuskar mutum sai na tambaye shi. Abin da ido ya gani ya kira aibi, wataƙila da shi ne danginsa za su gane shi.