Ranar da Direba Ya Share Lambu

Ƙanena direban bas ne har ya yi ritaya, shi ya sa kowa Direba yake ce masa, har da matarsa. Tsabtarsa ta yi yawa. Lokacin da yake aiki, sai ya wanke tayoyin mota kafin ya wanke fuskarsa. Ban taɓa ganin ya cuci kowa da gangan ba. Ɓarna ɗaya ya yi da kyakkyawar niyya, kuma har yau ba ta sake shi ba.

Akwai fili a bayan gidansu. Da suka tare, ƙasar wurin fara ce fat, mai taurin da fartanya ke tsalle a kanta. Matarsa ce ta mai da shi lambu, kuma ba ta taɓa sayen maganin feshi ba. Ɓawon albasa, kashin kaji, tokar murhu, duk tana zubawa a wani rami gefen katanga har su ruɓe su zama taki. Tsakanin shuka kuma tana shimfiɗa tsofaffin kwalaye, ta rufe da busasshen ganye, don ciyawa ta rasa rana ta mutu. Shekara da shekaru tana wannan, har ƙasar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana cike da tana.

"Uwar yara, wai lambu kike yi ko bola kike kiwo?" haka yake tsokanarta.

"Bolar da kake cin tumatirinta har da neman ƙari," in ji ta.

Sai ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, aka kwantar da ita a asibiti. Direba ya rasa abin da zai yi da hannayensa, sai ya yanke shawarar yi mata gyara kafin ta dawo. Ya tattara ganyen da kwalayen ya cinna musu wuta. Ya kwashe ramin takin ya kai bola. Akwai ƙiri-ƙiri, ciyawar nan mai yaɗo, da matar ta daɗe da dannewa a ƙarƙashin kwali. Ya sassare ta da fartanya, ya baje ko'ina, bai san kowane guntu zai fito da kansa ba. Sannan ya kira ni in ga aiki.

"Yaya, dubi. Kamar falo."

Na ce, "Falo ake shukawa? Kai dai ka shiga uku."

Ruwan sama ya zo ya tafi da baƙar ƙasar cikin kwata. Rana ta gasa abin da ya rage. Ƙiri-ƙiri ta mamaye wurin, shukar ta bushe.

Aka sallamo matar ba ta iya tashi, tagar ɗakinta kuma titi take kallo. Kullum sai ta ce, "Ya lambuna?" Kullum sai ya ce, "Lafiya lau." Ya koma sayo tumatir a kasuwa, ya zagaya ta ƙofar baya ya shigo da shi a kwano. Ya daina cin abinci sosai, wandonsa ya yi masa yawa.

Na ce ya gaya mata.

"Likita ya ce kada a tayar mata da hankali, Yaya."

"Likita ya ce ka riƙa yi mata ƙarya?"

Wata safiya ina gidan, ta ce masa, "Direba, ɗebo mini ƙasa daga tsakiyar lambu, cikin hannunka. Ina so in taɓa."

Ya fito tsakar gida ya tsaya. Ƙarƙashin famfo akwai wata tsohuwar tukunya da ta tsira daga shararsa, cike da baƙar ƙasar da. Na ga idonsa a kanta.

Na ce, "Ka taɓa tukunyar nan, ni zan faɗa mata da bakina."

Ya wuce lambu ya ɗebo. Ta karɓa ta damƙe, ƙasar ta zube ta tsakanin yatsunta kamar yashi. Ta sunsuna ragowar.

"Ka share."

"Na share."

"Ramin fa?"

"Har shi."

Ta kakkaɓe tafin hannunta. Sannan ta ce, "Tumatirin kasuwa na gane shi tun ranar farko. Jira nake ka gaya mini da kanka."

Da zaginsa ta yi, da ya fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi ya je wurin mai shago ya roƙo kwali.

Tun daga nan, mutumin da ba ya barin tsinke a tsakar gida ya zama mai bin maƙwabta da bokiti yana karɓar ɓawo da kashin kaji. Ƙiri-ƙiri kuwa da yatsa yake bin saiwarta, a durƙushe, da gwiwoyin tsufa. Matar tana tafiya yanzu da sanda, amma ba za ta ƙara sunkuyawa ba. Ta ce mini ta yafe masa tuni. Shi ne bai yarda ba.

Duk lokacin shuka yana kawo mata ƙasa a hannu. Bana ina zaune ya kawo. Ta damƙe, ƙasar ta dunƙule ba ta zube ba, har da wata ƙaramar tana a ciki.

"Da saura," in ji ta.

Bai yi musu ba. Ya ɗauki bokitinsa ya fita.