Layin Tsakiya Ya Matsa

Baba Usur dai malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare har ya yi ritaya, amma ba wanda ya san shi da wannan. An san shi da farar riga mai ratsin baƙi da usur a wuya, duk Asabar da yamma a filin ƙwallon kwando na unguwa, shekara ashirin da takwas.

Mutum ne mai taurin kai, kuma a duk dokokin wasan ba wadda ya riƙe kamar ta komawa baya. Yakan tara sababbin alƙalai ya ce, "Ƙwallo da ƙafa biyu sun tsallake layin tsakiya, to an rufe ƙofa. Layin kansa na baya ne. Diddigenka ya taɓa shi kana riƙe da ƙwallo, ka miƙa wa abokan karawa. In su suka doke ta ta koma, je ka ɗauko abarka, ba ruwana." Ba ya jin roƙo, ba ya jin ihun 'yan kallo. Ya busa, ya kaɗa yatsa gaba da baya, shi ke nan.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Matarsa kaɗai ta sani, don ita ke karanta masa takardar magani.

"Malam, ka ajiye usur ɗin nan da mutuncinka," in ji ta.

"In ajiye in yi me? In zauna ina kallon bango?"

Yana da dabararsa. Simintin filin ya tsage tun da daɗewa, tsagar kuma ta bi layin tsakiya daidai, baƙa ƙirin. Farin fenti ya daina ganuwa gare shi, amma tsagar yana ganinta. Da ita ya yi shekara uku yana hukunci, ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Dogo ne ya gane. Dogo ɗalibinsa ne, shi ya koya masa riƙe usur, ga shi yanzu ya zama shugaban alƙalan yankin. Da zai ja tsohon gefe ya ce Baba ka huta, da an wuce wurin. Amma Dogo bai manta tsawar da ya sha a gaban mutane yana koyo ba. Wasu mutanen wallahi ajiyar haushi suka iya.

Aka yi wa filin gyara, aka ƙara tsawonsa ta gefe guda, layin tsakiya ya matsa taku ɗaya daga tsagar. Duk alƙalai sun sani. Dogo ya ce kada wanda ya faɗa wa Baba, ya kuma sa shi busa wasan farko, ranar da ake tantance waɗanda za a sabunta wa lasisi.

Minti huɗu da farawa, wani ɗan wasa ya tsallaka gaba, aka matsa masa, ya ja da baya ya haye tsagar. Tsakaninsa da farin layi akwai sauran wuri. Baba Usur ya busa da ƙarfinsa, ya kaɗa yatsa.

Fili ya fashe da dariya.

Dogo ya taso daga teburi a hankali, hannu a aljihu. Bai rage murya ba.

"Baba, ba mu gane ba. Taimaka ka taka mana layin tsakiyar mu gani."

Tsohon ya nufi tsakiyar fili. Ya je ya ɗora ƙafarsa a kan tsagar, ya ɗaga kai. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Ƙara gaba kaɗan, Baba, ka kusa." Ya matsa. "A'a, hagu." Ya yi hagu. Haka suka yi ta juya shi a tsakiyar fili, dattijo mai jikoki, Dogo yana tsaye bai hana ba. Da suka gaji, Dogo ya miƙa hannu, Baba ya cire usur daga wuyansa ya ba shi.

Ya ɗauka iyakar abin ke nan. Yana zaune a benci yana lalubar igiyar takalminsa, sai wani ƙaton mutum ya tsaya a kansa. Makaniki ne yanzu, amma yana buɗe baki Baba ya gane muryar. Shekara goma sha biyar da suka wuce ya busa masa komawa baya a daƙiƙun ƙarshe na wasan kofi, ƙungiyarsu ta faɗi, daga nan bai sake bugawa ba.

"Ashe ni ma ban taka ba," in ji makanikin. "Makaho ne ya kashe min wasa."

Alhali kuwa ya taka layin a ranar. Baba ya gani da ido biyu lafiyayyu, diddigen hagu a kan fenti, yana iya tuna har launin takalmin.

"Ka taka, ɗana," ya ce a hankali. "A lokacin ina gani."

"Wa zai shaide ka?"

Baba ya waiwaya. A bayan makanikin akwai wasu mutum uku suna jiran ya gama, kowa da tasa shekarar da Baba ya busa masa.