Bangon Gabas na Ɗakin Inna

Wata Alhamis ce bayan Sallar Layya, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Baba ya dawo daga kasuwar Maigatari da la'asar sakaliya. Ya jingine kekensa a jikin rumbu, ko ruwan da na miƙa masa bai karɓa ba ya ce, "Ku fara haɗa kaya, Legas za mu koma." Inna tana tankaɗen garin tuwo, ta ɗago ta dube shi, gari ya yi mata fari a gira. Ni kuwa na dire kofin na ruga waje. Kafin a kira magariba babu gidan da ban kai labari ba a ɗan ƙauyenmu da ke gefen Ɗanzomo.

Baba manomi ne, ranar kasuwa kuma yana dillancin awaki da tumaki a kara. A can yake zama da direbobin manyan motocin da ke lodin dabbobi zuwa kudu. Allah ya sani ba rago ba ne. Gonarmu yashi ce, geronmu yakan ƙare tun sabo bai nuna ba, abin yana cin ransa. Matsalarsa ɗaya, duk wanda ya yi masa magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya. Alhamis ta zagayo ya dawo da Fatakwal, wai wani direba ya ce a Legas mutum kan fita tun asuba, ba ya ganin 'ya'yansa sai suna barci, Fatakwal kuwa mutanenmu sun riƙe cinikin nama da albasa. Ba a jima ba wani Badamagare ya shigar masa da Kwatano a kai, ya ce garin a kwance yake, ga aiki a tashar jiragen ruwa. Sai Baffa Sale, ƙaninsa da ke Agege, ya aiko cewa akwai ɗaki, aka sake komawa Legas.

Bayan cin tuwo Baba yakan jera ƙwallon aduwa uku a kan yashin tsakar gida, kowanne da sunan garinsa. Wannan akwai ɗan'uwa amma akwai cunkoso. Wancan akwai ciniki amma ruwan sama ba ya ɗaukewa. Na ukun babu tashin hankali, sai dai Faransanci. Ya matsar da wannan gaba, ya dawo da shi baya, mu muna zube muna kallo da baki buɗe. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu. Ruwa mafi girma da na sani shi ne tafkin bayan gari, wanda ke ƙafewa kafin a gama sussuka. Ya yi istihara, ya sa liman ya taya shi da addu'a. Na ji Inna tana faɗa wa maƙwabciyarmu Iya Talatu ta saman danga, "Addu'a kam an yi. Amma wanda aka yi wa bai tsaya ya ji amsa ba, ya koma kasuwa neman wata."

A makaranta sunana ya ɓace, na koma 'Yar Legas. Da farko daɗi nake ji, har na raba wa ƙawayena duwatsuna na carafke, na ce a can ba a wasa da duwatsu. Da aka dawo hutu suka gan ni da tsintsiyata a layin shara, abin ya zama tsokana. Sukan zana da'ira uku a ƙasa lokacin tara, su yi ta tsalle daga wannan zuwa waccan suna cewa, "'Yar Legas, yau ina muka nufa?" Nakan koma bayan aji in sha kukana, in goge fuska da gefen hijabi.

A gida kuwa komai ya tsaya cak. Inna ta sauke jeren kwanukanta na aure daga bango, ta naɗe kowanne da tsumma ta ɗaure a buhu, ɗakin ya yi fayau kamar na baƙo. Ta sayar da tunkiyarta mai ciki. Ta samo irin zogale za ta dasa a bayan madafa, Baba ya ce wa zai ci, tunda tafiya za mu yi. Danga ta karkace, tafiya za mu yi. Rigar makarantata ta ɗage har gwiwa, tafiya za mu yi. Maganar ta zama kamar sallama a gidanmu.

Abin da ya fi damun Inna shi ne yaɓe. Ɗakinta na ƙasa ne, kuma kowa a garinmu ya san kafin ruwan fari ana ɗebo jar ƙasa daga kududdufi, a kwaɓa da ƙaiƙayi, a yaɓe rufi da bangon gabas, don ta nan hadari ke dukan gida. Damina ta farko Baba ya ce ba za ta same mu ba. Ta same mu. Inna ta kwance buhu ta fito da kwanukan da ta naɗe don tafiya, muka jera su a ƙarƙashin yoyo, aikina ne in zubar idan sun cika. Damina ta biyu bangon ya tsage, tsagar da nake iya zura hannu. Inna ta yi magana sau ɗaya, a hankali, kamar yadda ta saba. Baba ya ce ta ƙara haƙuri, saura kaɗan ya yanke shawara. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, don aikin bai fi na yini biyu ba.

A damina ta uku, ranar wata Alhamis da azahar, hadari ya taso baƙi ƙirin daga gabas. Ƙanwata Hajara, wadda ko yaye ba a yi mata ba, tana barci a kan gadon Inna, jikin wannan bango. Muna madafa muna kare wuta daga feshi sai ta farka da kuka. Inna ta ratsa ruwan ta saɓo ta, ta dawo ta zauna za ta ba ta nono. Ba ta gama gyara zama ba muka ji wani irin rugugi a bayanmu. Bangon ya zube gaba ɗaya a kan gadon, da azara da komai. Inna ba ta yi ihu ba. Ta ƙanƙame Hajara tana ta maimaita innalillahi.

Ruwa ya ɗauke, maƙwabta suka cika gidan, muna tono kwanuka daga laka, sai ga Baba ya turo keke. Tun daga zaure yake ɗaga murya, wai yau ya haɗu da wani mutumin Kalaba. Ya shigo yana cikin maganar, sai ya ga gadon a ƙarƙashin ƙasa. Inna, wadda ban taɓa jin ta katse shi ba, ta miƙe da Hajara a kafaɗa ta ce, "Malam, na zaɓa mana gari. Ga shi nan a gabanka, ƙasa yake so da ƙaiƙayi." Baba ya tsuguna ya ɗauki ɗan takalmin Hajara daga cikin laka, ya daɗe yana juya shi a hannu. Washegari shi ya aro amalanken ɗebo ƙasa. Muka koma ɗakin zaure har ruwa ya janye, sannan aka yi gayya aka tayar da bango, na taka kwaɓi har ƙafafuna suka tsattsage. Inna ta mayar da kwanukanta bango, masu lotsawa da masu lafiya, ta dasa zogalenta. Baba bai ƙara jera ƙwallon aduwa ba. Ya rasu bai ga teku ba, wani lokacin nakan ji tausayinsa a kan haka, don da ya zaɓi ko da ɗaya ne tun farko, da Inna ta bi shi ba musu.

Yanzu ina aure a Gumel, gidanmu na bulo ne da rufin kwano. Babban ɗana ya gama koyon gyaran lantarki, kullum kansa a sunkuye kan waya, yau Legas, gobe Fatakwal, jibi wani abokinsa ya ce Warri. Ko kasuwar Maigatari ba ya bukatar zuwa, direbobin suna cikin aljihunsa. Tun kaka iska ta ɗage kwano ɗaya a saman ɗakinsa, ya ce ba sai an gyara ba, ai ya kusa tafiya. Jiya na ɗauko kwanon Inna mai lotsattsen gefe, wanda na gada, na ajiye masa a tsakiyar ɗakin. Na ce duk garin da ya zaɓa zan sa masa albarka in raka shi tasha, amma kafin nan ya nemo tsani da ƙusa. Hadari ya fara haɗowa a gabas, shi kuma ba ya jiran kowa ya gama shawara.