Shekarar da Gem Ɗina Ya Shiga Rumbun Tsimi

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ba na jin zan manta shekarar da gem ɗina ya shiga rumbun tsimi. Ina 'yar firamare lokacin, a ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa. Yayana da ke koyon gyaran rediyo a unguwar Bacirawa can birni ne ya zo mini da shi tsaraba. Ɗan ƙaramin abin wasa ne ruwan toka mai cin batir biyu. Bulo ne ke saukowa daga sama, kai kuma kana juya shi kana jerawa, layi ya cika ya ɓace. Ba launi, ba hoto, sai wani ɗan kiɗa "ƙit ƙit" da har yau nake jin sa a kunnena.

Matsalata ɗaya ce, mazan gidanmu. 'Ya'yan baffana sun rantse wai mace ba ta iya gini ba, alhali ni ce nake kai matakin da bulo ke zubowa kamar ƙanƙara. Da na ajiye sai su wafce. Ni kuwa Allah Ya yi ni da kafiya, na gwammace in ɓoye shi inda ko aljani ba zai leƙa ba.

Kaka ce, an jibge damman gero a tsakar gida. Da zan tafi makarantar allo da yamma, sai na naɗe gem ɗin a tsohon ɗankwali, na hau tarin, na cusa shi can cikin damin da ke sama. Na tafi ina yaba wa kaina wayo. Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Ina dawowa na tarar tsakar gida fayau, an share har da yayyafa ruwa. Baba da maƙwabta sun kwashe damman kaf sun jera a babban rumbu, har sun kifa masa jinka. Kuma kowa ya sani, damin da ke saman tari shi ake fara ɗauka, shi ke zama a gindi.

Rumbu biyu gare mu. Ƙaramin shi ake ci daga kaka zuwa bazara. Babban kuwa na tsimi ne, ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da hatsi ke wuya. Maigida kaɗai ke buɗe shi. Na sami Baba yana alwala, na durƙusa ina shessheƙa na faɗa masa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Uwata, kin san in aka ga na ɗage jinkar nan da kaka, gobe gari zai ɗauka yunwa ta shigo mana? Kuma in sauke hatsin shekara guda saboda bulon da ba ya gina ko akurki? Sai damina, in Allah Ya kai mu."

Wallahi na ji haushinsa. Na yi kwanaki ina gaishe shi a ciki-ciki, shi kuwa ko a jikinsa. Da rani ya yi nisa nakan zauna a inuwar rumbun in jingina da shi, in rufe ido ina jera bulo a kaina. Inna takan ce, "Ga mai gadin hatsi nan, Allah Ya ba da lada."

Da aka buɗe rumbu sai wani sabon tsoro ya zo. In damin ya fito ban sani ba, turmi zai faɗa, a sussuke gem ɗin tare da gero. Don haka na ɗora wa kaina aiki: duk damin da Baba ya miƙo, ni zan kwance shi in laluba zangarniya ɗaya-ɗaya. Ƙaiƙayi ya ci hannuwana har suka yi ja. Inna ta samu 'yar aiki a ɓagas, ba ta kuwa hana ni ba.

Sai da sabon gero ya fara fitar da kai a gona sannan aka kai gindi. Da hantsi Baba ya leƙo daga cikin rumbu, kansa duk ƙura, ya miƙo mini ɗankwalin ya ce, "Ungo ajiyarki." Ɓera ya ɗan ci gefen ƙyallen. Na danna, shiru. Na buɗe bayan, batiran sun zubar da ruwa sun yi fari fat. Nan na zauna a ƙasa, kuka ma ya ƙi zuwa.

Baba ya sauko, ya karɓa. Ya kankare wurin da bakin wuƙarsa, ya goge da gefen riga. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da sababbin batira biyu a ƙulle cikin leda. Yana sakawa kiɗan ya tashi. Inna da ke bakin murhu ta ce, "Tun ran kasuwar Tsanyawa da ta biyo bayan rufe rumbun nan ya saye su. Duk wankin da zan yi sai ya ce in kula masa da aljihu." Na kasa haɗa ido da shi. Shi kuwa cewa ya yi, "To, nuna mini yadda ake ginin naku."

Yanzu Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Wayata cike take da wasannin da yarana suka zuba, amma in na gaji da aiki wancan mai bulon nake nema, su yi ta yi mini dariya wai na tsufa. Ba su san abin da nake ji a cikinsa ba. Ni dai tun ranar na gane cewa mai ƙaunarka yakan ce maka a'a ya bar ka da kukanka, alhali damuwarka tana tare da shi duk inda ya sa ƙafa.