Faifai da Rumbu: Bashin Godiya ga Malam Usaini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, ina cikin buɗe shago a Gaya aka bugo mini waya daga Ajingi: Malam Usaini mai gyaran kwamfuta ya riga mu gidan gaskiya.

Malam, kowa ya san ni da cewa da hannuna na gina kaina. Sakandare kaɗai na yi, da kwamfuta ɗaya ta gwanjo na fara, yau shagona uku. Kullum cewa nake babu wanda ya koya mini. To, akwai gyara a maganar, kuma na makara.

Shekara goma sha shida ke nan, manoman Gafasa suka kawo sunayen mutum ɗari huɗu a buga kafin la'asar, in ba haka ba takin shekarar ya wuce su. Kwamfutata mai Windows XP ta sandare. Ashe ni na jawo. Na ga wani ƙaton fayil ya cinye wuri a hadis, wato babbar ma'ajiyar kwamfutar, na shiga na kashe shi, wai ni mai dabara. Sai kai Malam ka leƙo mu gaisa, ka tarar ina gumi, dattawa na jira a benci.

Ka ce, "Datti, ɗan ba ni kujerarka in huta." Sannan ka sassauta murya: "RAM ɗinka faifai ne, ɗan ƙarami. Hadis kuwa rumbu. In gyaɗa ta cika faifai, sai kwamfuta ta juye wata a gefen rumbu, ta ɗebo in ta buƙata. Kai gefen nan ka toshe mata." Ka sake buɗe fayil ɗin da na kashe, ka ware mata wurin da ya kai girman RAM sau ɗaya da rabi, ka kashe ka kunna. Ta tashi sarai. Da dattawan suka hau godiya, sai ka nuna ni: "Aikinsa ne, ni kallo na yi."

Na karɓi yabon nan, Malam. Duk wanda na koya wa faifai da rumbu, na bar shi yana zaton hikimata ce. Ko sau ɗaya ba ka tuna mini ba.

Hajiya A'isha, ke da 'ya'yanku, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku sani, Gaya ma ta sani: maigidanki ne malamina.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya rufa maka asiri ranar hisabi kamar yadda ka rufa mini a gaban mutanen Gafasa. Amin.

Datti Musbahu Gaya