Kwanon Zogale

Inna mace ce mai jiki, kuma tana alfahari da hakan. A garinmu Dogo-Dogo, in ta zauna bakin turmi sai ta cika tabarma ita kaɗai. Ni ce 'yarta siririya, wadda take yi wa tsiya wai na zubar mata da mutunci a gidan miji.

Shekarar da ciwon daji ya kama ta, abinci ya fara fita ranta tun kafin mu san sunan ciwon. Sai ta kai loma baki, ta tsaya, ta mayar. Na baro Magaria na zo jinya. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mata taurin kai ne.

Likita a Damagaram ya ce ba taurin kai ba ne. Ciwon ne ke zuba wani sinadari cikin jini, irin wanda ke hana mai laulayin ciki cin abinci, ya je ƙwaƙwalwa ya ce an ƙoshi, alhali jiki yana cinye kansa. Na ce to. Ban ji komai ba, ina dai tunanin motar da za ta mayar da mu gida.

A unguwarmu, in mutum ya kwanta ciwo, kowane gida sai ya aiko da kwano: fura, kunun tsamiya, dambu, wani lokaci romon zabo. Kwanon kuma wanke shi ake a mayar. In ya koma da saura, ko dai an raina hannun mai girkin, ko kuma mara lafiya ya kama hanya, kafin la'asar kowa ya ji. Inna ba ta yarda a ji ba. In 'yan dubiya za su shigo, sai ta sa in ninka mata zannuwa a jiki, in saki labule, ta ɗaga murya tana yi musu barkwanci.

Na ce a ba awaki. Ta ce abincin mutane ne, alhaki ne. Na ce a ba yara, ta ce yara ba su da sirri.

"Zauna ki ci a gabana," ta ce. "In na ga kina ci, kamar ni na ci."

Haka na riƙa ci. Ba yunwa, ba daɗi, ina tauna ina haɗiyewa tana kallon bakina. Wani lokaci ta tambaye ni ko gishiri ya ji. In wanke kwano in mayar, a ce ta ci? In ce ta ci. Awarwaronta suka fara zamewa daga hannunta, ta ce in sa kada su ɓata. Kafin kaka sun matse ni.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, wadda kullum ke kawo kwaɗon zogale da kanta, ta koma tana murna wai nata ne kaɗai ke shiga. Ita ce kuma mai wankan gawar mata a unguwar.

Inna ta rasu da hantsi. Ban yi kuka ba, na share tsakar gida na shimfiɗa tabarmi. Tsohuwar ta shiga ɗaki da ruwa, ta kwance zannuwan nan ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta tsaya kaina, ta dubi hannuna da awarwaron, ta dubi wuyana.

"'Yata, ina kwanona na jiya?"

Yana bayan ƙofa, cike yadda ta kawo shi. Jiya Inna ba ta buɗe ido ba, ni kuma ban iya ci ba babu mai kallona. Na ce bari in juye in wanke.

"Bar shi haka," ta ce.

Ta ɗauka, ta rufe shi da gefen mayafinta, ta ratsa matan da suka cika tsakar gida. Na ji wata tana tambayarta ko marigayiya ta samu ta taɓa abinci jiya.

"Tas ta cinye," in ji ta, ta wuce.