Ranar da kyanwa ta riga Habboba ganin likita

Iyaye mata, ku sa ido kan abin da 'ya'yanku ke riƙo a gida, kada abin da ya same ni ya same ku.

Na dawo gida unguwarmu Alsawra daga kasuwa, na tarar da mahaifiyata, wadda jikoki ke kira Habboba, wato kaka, zaune a bakin gado da mayafinta. Tun safe take jiran 'yata Salma ta kai ta asibitin ido a Khartoum. Ranar ganin likita da muka daɗe muna nema, ta wuce a banza.

Sai la'asar Salma ta sauko daga raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, rungume da kejin kyanwarta. Jidda za ta bi mijinta, wai jirgi ba ya ɗaukar dabba sai da katin rigakafi, da wani ɗan ƙarfe da ake cusa mata ƙarƙashin fata, da takardar lafiya mai hatimi.

Na ce, "Ke Salma, Habbobarki fa?"

Ta ce, "Yumma, takardar kadisa, kyanwar nan, sai dab da tafiya ake yin ta, in kwanakinta suka wuce ta lalace. Habboba kuwa tana nan, ba inda za ta."

Tsohuwar ta lalubo mayafinta ta cire a hankali, ta ce, "Bar ta, Hauwa. Ita kyanwar dai lafiyarta ƙalau ko?"

Ku faɗa mini, a gidajenku ma haka yaran suka koma?

Ni dai na yanke: daga yau, ba dabbar da za ta sake ganin likita a gidan nan muddin akwai mutum yana jira.